Maigishiri

A katin zaɓe an rubuta: Hansatu Maigishiri.
Ni kuwa ko gwangwani ɗaya ban taɓa sayarwa ba.

Goggo Ladingo ta ce kakan kakanmu
daga arewa ya gangaro da kantu,
raƙuma uku, Kano ya nufa.
A bakin rijiya, gabas da Ɓaɓura,
babban ya durƙusa, bai ƙara tashi ba.
Ya ce bari ya kwana biyu.
Damina ta riske shi,
wata bazawara ta dama masa fura.

Sunansa na yanka ya ɓata.
Buzu ne? Babarbare?
Goggo ta tafi da amsar.

Jiya na aiki Ɗanjuma shago,
ya sayo na naira ɗari a leda.
Sai da na lasa
kafin na zuba a miya.