Ɗan Dukawa a Gidan Tarihin Ƙanƙara

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya shimfiɗa tabarma a Fairbanks.
Nakan karɓi makullai daga hannun Delbert,
ya ce sanyin yau arba'in ne ƙasa da sifili,
ya faɗa kamar mai faɗin kuɗin gishiri.

Ni ne mai gadin dare.
Abokan hirata ba sa amsa sallama:
hauren wata giwa mai gashi da ƙasa ta haɗiye
tun ba a haƙa rijiyar farko a garinmu ba,
da kwalekwalen fata rataye a rufi,
haƙarƙarinsa a fili kamar saniyar rani.

A ɗakin ƙasa masana na ajiye ƙanƙara,
doguwa kamar taɓarya, kowace da lambarta.
Wata ɗaliba, Marnie, ta taɓa jefa min gutsure a kofin ruwa,
ta ce in kasa kunne.
Tas, tas, kamar gero a kasko.
Iska ce, in ji ta, da aka kulle shekaru dubbai.
Na shaƙa, ban ji ƙamshin komai ba,
amma sai da na yi bisimilla,
don ban san numfashin wa na sha ba.

Akwai akwatin gilashi guda da ke riƙe min ƙafa.
Jaka ce ta fatar kifi,
ɗinkinta ƙanana kamar sahun tururuwa,
ko ɗigon ruwa bai da hanyar shiga.
Na san wannan hannun.
Babana baduku ne a bakin kasuwar Illela,
yatsunsa sun rine da bagaruwa har ya koma ga Allah.
Ni na guje wa basilla, na bi biro,
biro ya haye teku da ni
ya miƙa min tocila.

A ƙasan jakar an rubuta: ba a san mai ɗinki ba.

Ranar Alhamis na zo da wuri,
na tarar da tsohuwa Adeline tana koya wa yara murza jijiya.
Ta jiƙa zaren da yawu,
ta murza a cinya,
kamar yadda Baba yake yi, wallahi, har karkata kan.
Da aka watse ta dogara sanda zuwa akwatin,
ta ƙwanƙwasa gilashin da farce.
Ta ce, kakata ce.
Dubi kullin nan na hagu, bahaguwa ce.
Wani baƙo ya ba ta shayi da gwangwanin taba ya tafi da ita.
Sau uku na gaya musu sunan,
suna cewa sai an samu shaida.

Ta faɗa min sunan.
Harshena ya yi tuntuɓe, ta yi dariya, ta sake,
sai da na iya.
Ni ma na faɗa mata: Barmo.
Ta juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya.

Tun ran nan nake tuna jajayen matasai
da Baba ya sayar wa masu buɗe ido.
Wa ya sani, ko ɗaya na kwance a wani gari mai sanyi,
a bayan gilashi, ƙarƙashin fitila,
wani mai gadi na wucewa yana hamma.

Da asuba koren haske ya zubo daga sama,
yana kaɗawa kamar zanen da aka shanya.
Ban fita kallo ba.
Na hura tagar ofis har ta yi gumi,
na rubuta sunaye biyu da ɗan yatsa.
Kafin Delbert ya zo sun daskare,
ya tsaya da kofinsa yana ƙoƙarin karantawa.