Makulli a Wuyan Mai Nutso

Talata ce, bayan azahar,
famfon ban-ruwa na bakin Yawuri ya shaƙe.
Kainuwa da tsumman taru sun toshe masa maƙogwaro,
shinkafar mutane na ƙishi a fadama,
ɗan kwangila na ta duba agogo
yana lissafa mini asararsa.

Ni ne babba. Ni na ce, "Arzika, sauka."
Shekara goma sha ɗaya yana nutso a hannuna,
ya san gindin kogin nan kamar yunwar cikinsa.
Ya gyara gilashi, ya ciji tiyon iska,
ya ɗaga mini babban yatsa, ruwa ya rufe.

Kakale, yaron da ke riƙe igiya,
ya ce, "Maigida, an kulle ɗakin inji?"
Na ce, "Na gaya wa mai gadi."
Ya sake buɗe baki, na harare shi,
ya haɗiye sauran maganar.
Ɗan jiya-jiya ne, wata uku da zuwansa.

Mai gadi ya tafi alwala.
Mai canjinsa ya iso, ya tarar an kawo wuta,
ya ga inji shiru,
ya yi abin da ake biyansa ya yi.

Ba ihu. Ruwa ba ya kawo saƙo.
Igiya ce kawai ta miƙe, ta sandare kamar rodi,
ta tsaga tafin Kakale, bai saki ba.
Mu shida muka ja. Bututu ya fi mu.
Daga gaɓa zuwa ɗakin inji taki ɗari biyu ne,
na ƙirga su daga baya, ba sau ɗaya ba.
Kafin in kai, kumfa ta daina tasowa.

A wurin zaman makoki aka ce kwana ya ƙare.
Haka ne, ban musa ba.
Amma ranar akwai kwaɗo a akwatin kayana,
sabo fil, makullinsa na ɗaure da zare.
Matarsa ba ta zage ni ba.
Tambaya ɗaya ta aiko:
ko ya samu ya ci abinci kafin ya shiga?

Yanzu in mutum zai sauka,
da hannunsa yake datse makunni,
ya rataya makullin a wuyansa, ya nutse da shi.
Mai son tayar da inji ya bi shi can ya karɓo.
Ɗan kwangila ya ce muna cin rana.
Na ce ranar ta fi arha.

Kakale na nan, da tabonsa a tafi.
In ya ce a tsaya, kowa tsayawa yake,
har ni, da furfurata.
Wani lokaci ba komai ba ne, kututture ne ko inuwa.
Sai mu tsaya ɗin,
mu jira,
kogi na wucewa ta gabanmu
kamar bai taɓa sanin sunan kowa ba.