Ɗinki Goma Sha Bakwai

Shekara talatin ina yi wa Katsinawa ɗinki,
daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Sauri an san ƙarar kekena,
ga shi yau ni aka yanka, ni aka ɗinke.
Na bi da yatsa daga cibiya zuwa haƙarƙari,
goma sha bakwai, layin ma bai miƙe ba.
Da yaron shagona ne ya yi wannan aiki
da tuni na sa shi warwarewa.

Likita ta ce kada in ɗaga abin da ya fi buta,
kada in taka keke, kada in sunkuya,
ko dariya ta zo, in rungume matashi tukuna.
Aka dawo da ni Rafukka,
aka kafa mini kujera gindin mangwaro,
na zama mai gadin inuwa.

Bazara ce, bishiyar ba ta san ina jinya ba.
Cikin dare sai tim a kan kwano,
in farka in dafe ciki.
Da safe Hurera ta tara su a daro,
wasu jemage ya ɗana, wasu sun fashe,
ta ce, "Malam, hannunka dai lafiya lau yake,
ga wuƙa, kada mu zuba ido suna ruɓewa."

Ranar farko na daɗe ina kallon wuƙar.
Na san abin da 'yar'uwarta ta yi mini ina barci.
Sannan na yi bisimilla na fere.
Siriri nake yankawa, kai ɗaya,
kamar mai fitar da wuyan riga,
in jera a faifai, kowane da tazararsa.
Tsohon gidan sauron Muntari muka yaga muka rufe,
ƙuda ya yi ta zagaye yana ƙorafi.
Kwana uku ranar Katsina ta yi aikinta,
daro guda ya koma tafin hannu biyu.
Haka ni ma na koma, wandona shaida ne,
amma ɗanɗana ka ji:
zaƙin bai tafi ba, taruwa ya yi wurin bushewa.

Lemun tsami kuwa gishiri muka ba shi a kwalba.
Tumatirin da ya yi araha a kasuwa ya zama kauɗa.

Tun da ƙasa ta yi mini nisa,
Muntari ya ɗago mini ita:
fasasshen baho a kan benci,
turɓaya da takin awaki,
yakuwa a dama, alayyafo a hagu.
Ruwan alwalata nake ba su, sau biyar, ba fashi.
Ran da aka cire mini zare
na dawo na tarar da kore ƙanana kamar kan allura,
ban gaya wa kowa ba, na zauna kusa da su,
mu duka muna koyon tsayuwa.

Jiya na lallaba na dafa jikin bishiyar,
hannuna ya faɗa kan wani kumburi.
Nan ne mahaifina ya tsaga ta ya yi mata aure,
ya ɗaure da tsumma, tun ina ɗan firamare.
Tabon na nan, ya yi baƙi, ya karkace.
Duk abin da muka sha shekara da shekaru
daga saman tabon yake fitowa.

Yau Hurera ta kawo kwalabe tara da alli,
irin wanda nake zana yadi da shi,
ta ce in rubuta wa kowace lokacinta.
Na rubuta damina. Na rubuta kaka.
Ta tara, hannuna ya tsaya,
don likita ba ta yi mini alkawarin komai ba
sai dai in koma bayan wata shida.
Hurera tana tsince tsakuwa a shinkafa, ba ta ɗago ba.
Na ce in Allah ya so,
na rubuta: bazara mai zuwa.