Buhu Arba'in a Herwagana

Ɗaki tara ne gidanmu, ƙofa ɗaya,
Igiyar shanya ɗaya, makewayi biyu,
Famfo kuwa shekara uku ko tari bai yi ba.
Ni ne telan ɗakin ƙurya,
Ni aka ba littafi, wai ba ni da mantuwa.

Shafin farko na Saratu Yila ne.
Ran da tumatir huɗu ya tasam ma kuɗin mudu,
Ta dawo kasuwa da leda sakayau,
Ta zauna bakin rariya, ta yi jugum,
Ta ce, "Ƙasar Kaltungo ba ta fi ta nan albarka ba,
Siminti ne ya toshe mata baki
Ya hana ta tofawa."

Bappa Jauro ya kwaso buhunan siminti
Daga ginin da yake gadi a Tumfure.
Babayo ya yi sawu uku na taki daga Tike,
Har kwana biyu fasinjan kekensa
Na toshe hanci suna tsinuwa.

Inna Dudu ta kafa doka, na rubuta:
Ruwan alwala, baho.
Ruwan wankin shinkafa, baho.
Mai sabulu ya bi rariya, kada ya kusanci yakuwa.
Duro shida muka jera ƙarƙashin indararo,
In hadari ya haɗo ta wajen Liji
Ka ga manya da yara ana guje-guje
Kamar biki ne ke zuwa.

Ɗari bibbiyu duk Juma'a, wata goma sha ɗaya,
Muka ɗora farantin sola kan kwano.
Ƙwai ɗaya ne tal a tsakar gida.
Ƙarƙashinsa Lamela ke haddar lissafi,
Hammadu na wanke allo,
Ni ina saka maɓalli,
Cinnaka na zagaya mu duka, ba ta zaɓa.

Kada ka ce ba a faɗa.
Akuyar Malam Gidado ta tsinke da asuba,
Buhu sha ɗaya na alayyahu ta mayar kara.
Kwana uku ba ina kwana.
Saratu na shara, ƙura na nufar ƙofarsa.
Ran na huɗu aka zauna kan tabarmata,
Inna Dudu ta yanke: mai laifi ta biya da abin da ta mallaka.
Kashinta na lambu ne har abada,
In ta haihu, ɗa guda na gida.
Tagwaye ta yi. Har ita ta san kunya.

Alhaji Maikano ya zo da fushi,
Wai danshi na cin bangonsa, a kwashe.
Aka ba shi kujera a inuwar kabewa,
Aka tura masa kwaɗon zogale da ƙuli.
Ya suɗe hannu, ya ce a ja buhu taƙi ɗaya daga bango,
Ya roƙi irin attaruhu.
Haya kuwa ya ƙara ta, wannan ba fashi.

Ban ce mun wadata ba.
Masara saye muke, manja saye, gishiri saye.
Amma miya ba ta ƙara kwana fara ba,
Zakara biyu muka yanka da Sallah,
Biyu da Kirsimeti, tukunya ɗaya ke dafawa.

Jiya aka mai da Saratu asibitin Bajoga.
Katifa ta ɗauka, da risho, da iri a ƙullin zani.
Buhunanta biyar ta bar su bakin ƙofa,
Tumatir ya fara ja, ba ta tsinka ba.

Yau wani yaro ya kama ɗakin,
Mai gyaran waya, ko gaisuwa a taƙaice.
Ya tambaye ni nawa ake sayar da na bakin ƙofarsa.
Na miƙa masa buta,
Na buɗe sabon shafi,
Na ce, "Faɗi sunanka. Da magariba ake ban ruwa."