Fifita Ga Mai Cin Rana

A Falodi, can cikin Rajastan,
inda inuwar itace ke ƙanƙancewa da azahar
har akuya ta rasa wurin sa kai,
ina da faifan sola shida a bakin rijiya.
Su ke jan ruwa, ni nawa ido.

Da hantsi famfo sai guɗa,
ruwa na tsere cikin kunyoyin barkono.
Amma da rana ta take tsaka
sai bakin bututu ya koma tsiyaya,
kamar tsoho mai tari yana ƙirga numfashi.
Na ce, wannan wane irin bawan Allah ne?
Tuwonsa rana, ga akushi ya cika fal,
shi kuwa ya kasa kai loma.

Jikata Dafu ta ɗora hannu kan gilashin,
ta janye da sauri.
Ta ce, "Kaka, ai zazzaɓi ne.
Haske yake so, zafin ke karya shi."

Ta bi motar asuba zuwa Jodfur,
ta dawo da fankoki huɗu na matattun kwamfutoci,
kowace ba ta fi murfin tulu ba.
Ta lanƙwasa tsohon kwano, ta yi wa iska lungu a ƙarƙashi,
waya ta yanke ta a yatsa,
ta tsotse jinin, ta ci gaba.

Maƙwabcina Hukma Ram ya dogara sanda yana dariya:
"Mutane na narkewa, ku kuna yi wa gilashi fifita!
To, wutar da fankar za ta sha, wa zai biya?"
Ban tanka ba. Ni ma tambayar na cina.
Dafu ta ce, "Loma ɗaya za ta ci, ta dawo da biyu."

Washegari muka tsare mita kamar masu jiran haihuwa.
Allura ba ta yi tsalle ba.
Ta dai ɗaga kai kaɗan,
ta ƙi saukarwa.
Ruwa ya rarrafa, ya rarrafa,
ya kai kunyar ƙarshe, wadda na riga na yafe.

Yanzu inda iskar ke fita da ɗuminta
matata Gomti ta shimfiɗa buhu, tana shanyar barkono.
Ni kuwa ina gefe, gumi har gwiwa,
ina sauraren zuzar fankoki huɗu.
Shekara saba'in ina cin wannan rana,
ba wanda ya taɓa goshina
ya ce zazzaɓi ne.