Sabon Tafinta

Sha ɗayan dare a Barnawa,
janareton maƙwabci ya yi tari, ya yi shiru.
Kuskure ɗari huɗu da sha bakwai,
in ji sabuwar kwamfaila,
ja wur, kamar an yanka rago a kan allo.

Manhajar albashi ce ta wani asibiti a Kakuri.
Shekara talatin tana lissafin guminsu,
ba ta taɓa cin kwabon kowa ba.
Tsohon tafintanta ya san halinta:
in ta haɗiye rabin magana, ya ƙarasa mata,
in ta kira harafi da sunan lamba,
ya kau da kai.
Na yanzu kuwa mai gadin banki ne,
sai ka faɗi sunanka da na ubanka
kafin ya buɗe ƙofa.

Na bi ta layi-layi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Can wajen layi na dubu biyu
na yi kiciɓis da shi, Shekari Bawa,
mutumin da ban taɓa gani ba.
Ya bar rubutu a gefe, inda na'ura ba ta leƙawa:
"Kada a taɓa nan. Ban san dalili ba, amma yana aiki."
Ƙasa kaɗan kuma:
"Yau aka haifi Ladi. Gobe zan gyara."

Goben nan ba ta waye ba.

Gurbin lamba biyar ya ware wa albashi.
A zamaninsa wa ke ɗaukar dubu ɗari?
Yau kuɗin buhun shinkafa ma
sai ya sunkuya kafin ya shiga.

Na faɗaɗa gurbin.
Na yi bismilla, na taɓa inda ya hana.
Kuskure ya koma casa'in,
ya koma tara,
ya koma ɗaya, ya toge
kamar jaki a bakin gada.
Awa biyu ina lallashi.
Ashe waƙafi mai ruwa ne, guda tak,
ya ɓace tun ban shiga firamare ba.

Kiran asalatu ya hayo kogi.
Allo fes, ba ɗigon ja.

Kafin in rufe, na sauka ƙarƙashin rubutunsa
na ƙara nawa:
"Baba Shekari, an gyara. A gaida Ladi."
Na sa suna, Zulai,
da shekara, lambobi huɗu cif,
saboda wanda zai zo bayana
ya san wa zai yi wa tsaki.