Agwagi Ɗari Huɗu

Kullum da asuba Luom kan ƙirga agwaginsa a bakin Mekong,
ɗari huɗu, ban da gurguwar nan mai bin diddigensa.
Ran Talata bakwai suka kwanta cikin karan shinkafa,
wuya a murɗe, kamar masu leƙen abin da ke biye da su.

Ya ce sanyin ruwa ne.
Ya ɗauko biyu, matarsa Thuy ta fige,
don ba a zubar da nama a gidan da ake bi bashi.

A ƙarƙashin ɗaki aladu uku na tari irin na tsofaffi.
Kwano ɗaya, kududdufi ɗaya.
Iskar da alade ya fitar ita agwagwa ke shaƙa,
ita ƙaramar Nhan ke ja, tana soka gashin tsuntsu a kitsonta.

Cuta ba ta tambayar mai fiffike ko mai kofato.
Masauki take nema.
In ta samu sai ta sauya riga, ta ƙetare.

Ran Juma'a masu fararen kaya suka iso a kwalekwale,
fuska a rufe, ba ka gane mai tausayi cikinsu.
Rami, buhuna, farar ƙasa.
Ko gurguwar ba su bari ba.

Yanzu Luom na tsaye a barandar asibitin Can Tho,
gilashi tsakaninsa da 'yarsa.
Yana ƙirga numfashinta da leɓe, yadda ya saba,
ɗaya, biyu, uku.
Sandar kiwo na jingine da bango,
babu abin korawa.